Tukuici Ga Wanda Ya Samo Mini Aiki: Sabon Ciniki a Duniyar Injiniyoyi

Tsakanin watan Nuwamban 2022 da Janairun 2023, manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun yi sallamar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Meta ya sanar da korar ma'aikata 11,000, Amazon 18,000, Google 12,000, Microsoft kuma 10,000. Shafin Layoffs.fyi, wanda ke bin diddigin irin wannan sallama, ya ƙidaya fiye da mutum 260,000 da suka rasa aiki a fannin cikin 2023 kawai. Injiniyan manhaja da a da dillalan aiki ke damun sa da saƙonni, sai ga shi yana tura takardar neman aiki wuri bayan wuri, ko amsa babu.

A cikin wannan matsi ne wata dabara ta ƙara fitowa fili. Mai neman aiki zai rubuta sanarwa a LinkedIn ko X, ko a zaurukan abokan sana'a na Slack da Discord, ya ce duk wanda ya haɗa shi da aikin da aka ɗauke shi, yana da tukuici. Wani ya yanke adadin kuɗi tun farko, wani ya yi alkawarin wani kaso daga albashin watansa na fari. Ma'ana, ya mayar da duk wanda ya karanta sanarwar dillalinsa, da la'ada a ajiye.

Da jin farko mutum zai ce ai wannan almubazzaranci ne ga wanda ba ya da abin yi. Lissafin ne ya nuna ba haka ba. A ce injiniya yana karɓar dala 120,000 a shekara: duk watan da ya yi a zaune, dala 10,000 ce ta wuce shi. Idan dala dubu biyu za ta rage masa zaman ko da mako uku ne, ya ci riba. Ga baƙin da ke aiki a Amurka da bizar H-1B, waɗanda yawancinsu 'yan Indiya ne, abin ya ma fi gaban albashi. Doka ta ba wanda aka sallama kwana 60 ne kacal ya sami wani kamfanin da zai ɗauke shi ko ya canza matsayin zamansa, in ba haka ba ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar.

Kuma biyan kuɗi don haɗa ma'aikaci da aiki ba baƙon abu ba ne. Kamfanonin dillancin aiki sukan karɓi kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na albashin shekarar farko, sannan yawancin manyan kamfanoni suna ba ma'aikacinsu lada idan ya kawo wanda aka ɗauka. Sai dai a duk waɗannan, mai ɗaukar aiki ne ke biya. Abin da ya sauya yanzu shi ne aljihun da kuɗin ke fita.

Dalilin da ya sa ake jefa irin wannan sanarwa ga taron mutanen da ba a sani sosai ba yana da tushe a bincike. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya yi nazari a kan ƙwararrun ma'aikata a garin Newton da ke jihar Massachusetts, ya fitar da maƙala a 1973 da littafi a 1974. Ya gano cewa fiye da rabinsu sun sami aiki ne ta hannun wani da suka sani. Abin da ya fi jan hankali shi ne, akasarin waɗanda suka yi musu hanyar ba aminai ba ne. Idon sani ne da ake haɗuwa da su jefi-jefi, kamar tsohon abokin karatu ko wanda aka taɓa aiki tare shekarun baya. Hujjar a bayyane take. Amininka yana jin labarin da kai ma kake ji, domin da'irarku ɗaya. Na nesa shi ne ke zaune inda kunnenka bai kai ba.

A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi da bayanan mutum miliyan 20 a LinkedIn na tsawon shekara biyar, wanda ya ƙarfafa wannan magana. Ya nuna cewa sanayya mai matsakaicin nisa, wadda ba ta kai aminci ba kuma ba ta zama baƙunta ba, ita ta fi kai mutum ga sabon aiki, musamman a fannonin da suka dogara da kwamfuta.

Saura tambaya guda: kuɗi na iya zaburar da irin waɗannan mutane su motsa? Wata gasa da hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta shirya a Disambar 2009 ta ba da amsa. An kafa jajayen balan-balan guda goma a wurare daban-daban na ƙasar, aka sa dala 40,000 ga wanda ya fara faɗin inda dukkansu suke. Tawagar jami'ar MIT ta yi alkawarin dala 2,000 ga wanda ya hango balan-balan, 1,000 ga wanda ya gayyato shi, 500 ga wanda ya gayyato mai gayyatar, haka ana rabawa biyu har ƙasa. Cikin ƙasa da awa tara suka gano duka goman. Amma sai da suka sha aikin tace rahotanni, don da yawan abin da aka turo musu ƙarya ne.

To, neman aiki yana da ɓangare biyu, kuma kuɗi a ɗaya kaɗai yake da tasiri. Na farko labari ne: kamfani kaza yana neman mutum, ga sunan manajan da ke ɗauka. Wannan ana iya sayensa. Na biyu shaida ce: na yi aiki da wannan mutum, na san hannunsa, a ɗauke shi ba za a yi nadama ba. Wannan darajarsa tana cikin cewa ba a saye shi ba.

Google ya taɓa gwada tasirin kuɗi a kan shaida a cikin gidansa. Laszlo Bock, wanda ya shugabanci sashen kula da ma'aikata na kamfanin, ya bayyana a littafinsa na 2015 cewa sun ninka ladan kawo ma'aikaci daga dala 2,000 zuwa 4,000, amma hakan bai ƙara komai ba. Ma'aikatan suna kawo mutane ne saboda suna jin daɗin wurin kuma suna son abokansu su shigo. Abin da ya yi amfani shi ne sauya salon tambaya. Maimakon a ce wa ka sani da ya dace, sai a tambayi mutum takamaimai wane ne ya fi kowa ƙwarewa a fanni kaza cikin waɗanda ya taɓa aiki da su. Wannan kaɗai ya ƙara yawan sunayen da ake kawowa da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Inda abin ya fara wari shi ne lokacin da aka mayar da shaidar kanta haja. A 2020 rahotanni sun fito game da shafin Rooftop Slushie, na masu manhajar Blind, inda masu neman aiki ke biyan kamar dala 20 zuwa 50 don wani ma'aikacin Google, Amazon ko Facebook da bai taɓa ganinsu ba ya shigar da sunansu a matsayin wanda ya sani. Mai shigar da sunan yana cin tudu biyu: ya karɓi kuɗin mai nema, idan an dace kuma ya karɓi ladan kamfani. Irin wannan ya saɓa wa ƙa'idojin kamfanoni da dama, kuma illarsa tana komawa kan kowa. Da zarar masu ɗaukar aiki sun fahimci ana sayar da shaida, sai su daina ba ta muhimmanci, har wadda aka bayar tsakani da Allah.

Dokoki ma sun daɗe suna ɗari-ɗari da karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki. A Birtaniya, dokar 1973 ta hana kamfanonin dillancin aiki cajin mai nema, in ban da 'yan sana'o'i ƙalilan irin na nishaɗi. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1997, ta kafa wannan ƙa'ida ga ƙasashen da suka rattaba hannu. Dalilin kuwa shi ne, marar aiki mutum ne mai rauni, kuma mazambata sun san haka. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ce asarar da aka kai mata rahoto ta damfarar neman aiki ta tashi daga dala miliyan 90 a 2020 zuwa miliyan 501 a 2024.

Mai karatu a Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a kan inda wannan hanya ke ɓullewa. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi zaman bincike a kan sayar da guraben aiki a hukumomin gwamnatin tarayya, aka ji shaidar mutanen da suka biya kuɗi masu kauri don takardar ɗaukar aiki. Matasan Kano, Kaduna da Abuja da suka koyi rubuta manhaja suna neman aikin kamfanonin waje daga gida kuma suna cikin zaurukan da ake irin wannan tayi, don haka sanin bambancin ya shafe su kai tsaye. Tukuici ga wanda ya nuna ƙofa daban, cin hanci ga mai riƙe da mabuɗi daban.

Waɗanda ke yin abin cikin tsabta suna da 'yan sharuɗɗa da suke bi. Ba sa biyan ko sisi sai an ɗauke su sun fara aiki. Suna rubuta sharaɗin a fili tun farko: nawa ne, yaushe za a biya, wa zai karɓa idan mutum biyu suka kawo labarin wuri ɗaya. Ba sa ba da kuɗi ga manajan da ke yanke hukunci ko wani mai hannu a tantancewa. Idan ma'aikacin kamfanin ne zai gabatar da su, sukan nemi ya duba ƙa'idar wurin aikinsa, ya kuma faɗi gaskiyar iyakar sanin da ya yi musu. Wasu ma sukan ba mai taimakon zaɓin a tura kuɗin ga wata gidauniyar agaji da ya zaɓa, saboda akwai mutanen da tayin lada ke sa su janye daga alherin da suka yi niyya.

Sannan sanarwar da ta fi samun amsa ita ce mai bayani dalla-dalla: shekarun gogewa, harsunan manhajar da mutum ya iya, irin kamfanin da yake so, garin da zai iya zama ko aikin daga gida, da adireshin inda za a ga ayyukan da ya riga ya yi. Da wannan a hannu, tsohon abokin aikin da ya ci karo da ita zai iya tura ta ga manajansa cikin minti biyu.