Dasa bishiya a cikin gari: me ya sa da yawa ke mutuwa, kuma wacce ta fi amfani?

Duk shekara idan damina ta kankama, za ka ga hotuna a Facebook: matasa a Birnin Kudu ko Gwaram sun fito da fartanya da dashe a leda, ana ta dasawa a harabar makaranta, filin Idi, bakin titi ko maƙabarta. Aikin sa-kai ne, kuma abin a yaba ne. Amma ka koma wurin a watan Maris. Sau da yawa rami kawai za ka tarar, ko busasshen tsinke a tsaye. To me ke faruwa?

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Dashen da aka rena a leda saiwarsa gajera ce. Kudancin Jigawa ya fi su Maigatari samun ruwa, amma duk da haka ruwan kan ɗauke wajen Oktoba, sai kuma Mayu ko Yuni. Ƙasar sama ce ke fara bushewa, don haka dole saiwa ta nutsa ta kai inda danshi yake kafin rani ya shigo. Shi ya sa wanda ya dasa a ƙarshen Yuni ko Yuli ya fi wanda ya bari sai Satumba. Ga kuma awaki, waɗanda da zarar an gama girbi ake sakinsu, ga gara da ta fi afka wa dashen da ƙishirwa ta riga ta galabaitar.

Maganin ba mai tsada ba ne. A kewaye kowane dashe da ƙaya ko tsofaffin bulo. A rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe, amma kada ta taɓa jikin dashen, saboda gara. A binne ƙaramin tulu kusa da shi, a riƙa cika shi: ruwan zai dinga tsattsafowa a hankali daidai wurin saiwa. Idan kusa da masallaci ne, ruwan alwala ma ya isa. Babban abu dai, kowace bishiya ta sami mai ita har ta ƙetare rani biyu.

Sai batun wacce za a dasa. Mafi yawanmu darbejiya muke zaɓa, wadda asalinta daga yankin Indiya ne. Tana jure fari, tana saurin girma, ga inuwa. Kuma sanyin gindinta ba na inuwa kaɗai ba ne: ganye na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na fita ta nan ya zama tururi, ya tafi da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Matsalar ita ce idan gari ya zama darbejiya zalla, abincin tsuntsaye da ƙwari ya taƙaita ga lokacin furenta da 'ya'yanta kawai.

Bishiyoyinmu na gida kowacce da baƙinta. Kuka da ɗorawa da dare suke buɗe fure, kuma jemagu ne kan gaba wajen yi musu barbara. Ke nan yaron da ke harbin jemage da danƙo, miyar kuka da daddawar gidansu yake taɓawa bai sani ba. Ɓaure, kanya, magarya da kurna na ciyar da tsuntsaye a lokuta daban-daban. Gawo kuwa a damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani, lokacin da dabbobi da ƙudan zuma suka fi buƙata, sannan yana ƙara wa ƙasa taki.

Manyan tsuntsaye kuma dogayen bishiyoyi suke nema. Shamuwa, wadda zuwanta ke yi wa manomi albishir da damina, a bishiyoyin cikin gari take sheƙa, tana kuma cin fara. Ungulu, mai kwashe mana mushe kyauta, a 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba, farautarta don tsubbu, da sare itatuwan da take kwana. Tambayi dattijo a mahautar garinku yaushe rabon da ya ga ungulaye sun yi dandazo.

Wannan ya kawo mu ga darasin Maraɗi. A shekarun 1980, wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa dashen da suke yi na ta mutuwa, alhali kututturan da aka sare saiwarsu na raye. Manoma suka koma zaɓar tohon da ya fi ƙarfi, su sassabe sauran, su kare shi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar. Sirrin? Tsohuwar saiwa ta riga ta kai ruwa.

Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Great Green Wall ya shafa, amma ba hukuma ce za ta shayar da dashen ƙofar makarantarku a watan Afrilu ba. Don haka kafin ƙungiyarku ta nemi dashe bana, ku fara zagaya filin. Ku ƙirga tsofaffin tsamiya da kukar da ke tsaye, ku nemi mai unguwa ya hana sare su. Ku duba kututturan da ke toho. Sannan ku dasa iya adadin da za ku iya shayarwa, ku gauraya darbejiya da na gida. Goma da suka rayu sun fi ɗari da aka ɗauka hoto. Allah Ya sa ya zama sadaka mai gudana.