Idan Unguwa Ta Fito Da Sanduna

In aka kwarma ihun ɓarawo da tsakar dare, unguwa kan fito, wani da gora, wani da taɓarya. Sau da yawa a kama shi. Wani lokaci kuma kafin asuba an ture katangar maƙwabci, an fasa wa ɗan gida kai cikin duhu. Garkuwar jikinmu haka take. Da ƙwayar cuta ta shigo sai a yi gangami, jini ya taru a wurin, jiki ya ɗau zafi, nama ya kumbura. Kumburin nan shi ke ceton rai, shi ne kuma kan lalata huhu da ƙoda idan ya wuce gona da iri.

Abin ya fi ban tausayi a tiyatar zuciya, domin can babu ɓarawo sam, maginin da aka kira gyara ne ake rufarwa. Tun 1953 da John Gibbon ya yi nasarar amfani da na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu a Amurka, jinin majiyyaci yakan bi ta bututai a waje da jiki. Da ya taɓa baƙon abu sai garkuwa ta tashi haiƙan. Bayan aiki wani bugun zuciyarsa ya rikice, wani ƙodarsa ta raunana.

Sai likitoci suka nemi dattijon da zai tsawatar wa taron, wato magungunan kwantar da kumburi irin su dexamethasone. A ƙasar Holan an gwada shi kan majiyyata 4,494, sakamako ya fito a 2012. A 2015 wani gwajin na ƙasashe da dama ya yi amfani da ɗan'uwansa a kan mutum 7,507. Duka biyun ba su nuna an rage mace-mace yadda aka sa rai ba.

Amma a 2020 gwajin RECOVERY na Jami'ar Okusfod ya nuna dexamethasone ya rage mutuwar masu korona da ke kan injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Waɗanda ba su buƙaci iskar oksijin ba kuwa, bai amfane su ba. Ga wanda ya fi shafar mu: a 1982 a Tailan an ba masu maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa wannan magani, sai sumansu ya ƙara tsawo, ciwon huhu da zubar jini a ciki suka ƙaru. Dattijon ɗaya ne. In ya kori mutane ɓarawo na cikin ɗaki, ya yi ɓarna.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana miƙa wannan ƙwaya a kemis babu takardar likita, don zazzaɓi ko don a yi ƙiba. Masana da ke auna jinin majiyyaci safe da yamma ma har yanzu suna binciken wa ya dace a ba, kuma a wace ranar ciwon.