Idan Giyar Mota Ta Kafe a Kan P

Duk wanda ya koyi tuƙi da motar kuloci ya san giya ba ta gardama sai da dalili babba. Shi ya sa ranar da sandar giyar motar otomatik ta kafe a kan P, inji na aiki lafiya lau amma ita ta ƙi motsi, abin da ke fara faɗo wa mai mota a rai shi ne giyabos ya tafi. Sai ya hau jijjiga sandar, wani har da hannu biyu, yana lissafin kuɗin da za a yanka masa a gareji. Alhali a mafi yawan lokuta giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya riƙe sandar wani ɗan makulli ne da masu ƙera motar suka sa da gangan, kuma abin da ke hana shi buɗewa sau da yawa kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Makullin nan yana da tarihi. A shekarun 1980 an yi ta kai ƙarar wata mota ƙirar Audi 5000 a Amurka, wai da an cire ta daga P sai ta zabura da kanta ta afka wa abin da ke gabanta. Gidan talabijin na CBS ya yi shiri a kai a watan Nuwamba na 1986, kasuwar Audi ta karye a ƙasar: daga motoci kusan 74,000 a 1985 zuwa kimanin 12,000 a 1991. Binciken da hukumar kiyaye haɗura ta Amurka ta fitar a 1989 ya nuna cewa galibi direbobin ne ke taka totur suna zaton birki suka taka. Tun kafin rahoton ya fito Audi ya janye motoci kusan 250,000 a 1987 ya sa musu makullin da ke hana giya barin P sai ƙafa tana kan birki. Sauran kamfanoni suka bi sahu, daga baya kuma dokar Amurka ta wajabta shi a kan motocin da aka ƙera daga Satumba 2010, musamman saboda yara masu wasa da giya. Tun da Camry da Corolla da Accord masu yawa da ke yawo a titunan Kano da Kaduna daga can aka sauke su, ta Kwatano ko ta Legas, da makullinsu suka zo.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta. A saman fedar birki akwai wani ɗan suwic. Idan aka taka birki sai ya sake wuta ta tafi wuri biyu: ta kunna jajayen fitilun baya, sannan ta isa ga wani ɗan maganaɗisu da ke ƙarƙashin sandar giya, wanda ke janye ƙusar da ta tare ta. Kamar sakatar ƙofa ce da sai an zare ta daga ciki. Idan wutar ba ta iso ba, ko ɗan dambe Shago ne ya riƙe sandar ba za ta motsa ba, sai dai robobin cikinta su karye.

Saboda haka gwajin farko ba ya buƙatar ko sifana. A murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, a kashe rediyo, a taka birki, a kasa kunne kusa da giya. Lafiyayyen makulli yana yin ɗan ƙara, ƙas, duk lokacin da aka taka. Sannan a sa wani ya tsaya a baya ya duba ko fitilun birki suna kamawa. Idan babu ƙarar kuma babu wutar, an kusa kama ɓarawon: ko fis ya ƙone, ko suwic ɗin ya mutu.

Fis ɗin yana cikin akwatinsa a ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet, kuma a motocin Toyota da yawa an rubuta STOP a wurinsa a jikin murfin. Idan zarensa ya tsinke, a sa wani mai lamba iri ɗaya. A nan ne wasu masu wayarin ke cutar mutane. Sai su naɗa zaren waya a madadin fis, ko su sa mai lamba 30 inda ake buƙatar 10, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Fis ba ya ƙonewa haka kawai. Idan sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko ƙwan fitilar da bai dace ba, ko wani haɗin da aka yi wa motar bayan an sayo ta. Wanda ya toshe wannan gargaɗin da zaren waya ya bar wa wayoyin motar zafin da fis ɗin ya kamata ya ɗauka, kuma ta haka gobara ke tashi.

Shi kuwa suwic ɗin birki, lalacewarsa ba ta tsohuwar mota kaɗai ba ce. A Afrilu 2013 kamfanonin Hyundai da Kia sun janye motoci kusan miliyan 1.7 a Amurka saboda shi, kuma cikin matsalolin da aka lissafa har da ƙin fitar giya daga P. Wani lokacin bai mutu ba, gocewa ya yi daga mazauninsa, ko soket ɗinsa ya saki. A wasu motocin kuma hanya biyu gare shi, ta yadda fitila za ta iya kamawa amma saƙon bai isa giya ba.

Batir mai rauni ma yana jawo haka. Kuma a tuna, motar otomatik ba ta tashi da turi, komai yawan majiya ƙarfin unguwa.

Idan fitilu suna kamawa, batir na da caji, amma sandar na nan daram, sai a koma kan maganaɗisun da ƙusarsa. Wurin ajiye kofi a yawancin motoci yana dab da giya, kuma duk lemo ko shayi mai sukari da ya zube yana gangarawa ciki. Ya bushe ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta hau kai, ƙusar ta maƙale. Wannan wanki yake so, ba sabon kaya ba.

Akwai kuma kafewar da ba ruwanta da lantarki. P ba birki ba ne. Wani ɗan haƙorin ƙarfe ne, bai fi yatsa ba, da ke faɗawa cikin tsagar wani faifai a giyabos ya hana shi juyawa. Direban da ya tsaya a kan gangara, ya tura giya P, ya ɗage ƙafa ba tare da jan hambirki ba, ya jingina nauyin motar duka a kan haƙorin nan. Idan ya dawo sai sandar ta yi tauri, in ma ta fita ta fita da ƙara mai tayar da hankali. Maganinsa a take shi ne mutane su ɗan tura motar sama kaɗan, direba yana ciki, da ta ɗan motsa sai ya taka birki ya ja sandar a hankali. Maganinsa na dindindin kuwa shi ne tsarin tsayawa: ƙafa kan birki, a ja hambirki, a bar motar ta zauna a kansa, sannan a sa P. Direbobin otomatik da yawa sun yi watsi da hambirki gaba ɗaya, har wayarsa ta yi tsatsa, kuma wannan sakaci ne da ya kamata a daina.

To idan mutum yana tsakiyar kasuwa, ko dare ya yi masa a hanya fa? Masu ƙera motar sun bar ƙofar gaggawa. Kusa da sandar akwai wani ɗan murfi ko maɓalli, wani lokacin an rubuta Shift Lock a kansa. A fara jan hambirki, in wurin ba shimfiɗaɗɗe ba ne a sa waigi a taya. A ɓalle murfin da bakin sukundireba, a danna abin da ke ciki, a Honda da yawa makullin motar ake zurawa, ƙafa na kan birki, a ja sandar zuwa N. A N, wato firi, inji zai tashi, daga nan a sa D. Sababbin motoci masu giyar maɓalli ko ta murɗawa sun ɓoye nasu a wani wurin, sai an duba littafin motar. Idan kuwa sandar tana yawo sakaka amma giya ba ta shiga, wayar da ta haɗa ta da giyabos ce ta zare, kuma wannan aikin bakanike ne. Kada a yarda janwe ya ja motar tana P da tayoyin da inji ke juyawa a ƙasa.

Ƙofar gaggawar ta kai mutum gareji ce kawai. Abin takaici, akwai masu mayar da ita hanyar kullum, har su ajiye sukundireba kusa da giya, akwai kuma bakaniken da zai ce, “Alhaji, bari kawai mu cire maka abin nan ka huta,” ya zare ƙusar ya jefar. Giyar za ta saki, amma dalilin kafewarta yana nan. Idan suwic ne ko fis, sau da yawa motar tana tafe babu fitilar birki, kuma direban tirelar da ke biye da ita da daddare a hanyar Zariya ba shi da yadda zai san ta rage gudu. Yaron da aka bari a ciki kuma zai iya jan sandar motar ta gangara. Wanda ya je karɓar motarsa bayan gyara ya tsaya a bayanta da kansa, ya sa a taka birki ya ga jajayen fitilun sun kama, sannan ya shiga ya gwada jan sandar ba tare da taka birki ba. Idan ta fita daga P, makullin aka cire, kuma sai a mayar da shi kafin a biya kuɗin aiki.