Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro Da Asalinsa Daga Ganyen Ƙasar Sin: Bayani Ga Jama'ar Masarautar Gumel

Duk wanda ya taɓa kai yaro Babban Asibitin Gumel, ko ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a lokacin damina, ya san ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da ake bayarwa bayan gwajin jini ya tabbatar da zazzaɓin cizon sauro. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, tushen wannan magani wani ganye ne daga cikin magungunan gargajiya na ƙasar Sin, kuma ganyen ɗan uwan tazargade ne wadda iyayenmu mata suka daɗe da saninta. Mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin yadda ganyen ya zama maganin asibiti, domin a fahimci abin da ya raba shi da jiƙon gida da kuma kayan da ake talla a kasuwanni.

A shekarar 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓi ya addabi sojoji, ga shi kuma kulorokwin ya daina aiki a wannan yanki. Wannan ne ya sa gwamnatin Sin ta kafa wani shirin bincike na sirri domin neman sabon magani. A cikin masanan da aka ɗora wa aikin akwai wata mata mai suna Tu Youyou, wadda ita da abokan aikinta suka bi diddigin haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. Ganyen da Sinawa ke kira cinhawo ya nuna alamar amfani, amma yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai da ta koma ga wani littafi da wani masani mai suna Ge Hong ya rubuta kimanin shekara 1,600 da suka wuce, ta lura cewa jiƙa ganyen ake yi a matse ruwansa, ba tafasawa ba. Daga nan ta gane cewa zafin wuta na lalata sinadarin. A shekarar 1971 aka tato shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye, kuma a 1972 aka ware tsantsar sinadarin da a yau ake kira atemisinin. A kan wannan aiki ne aka ba ta lambar yabo ta Nobel a shekarar 2015.

Sinadarin yana da saurin kashe ƙwayar cutar, amma ba ya daɗewa a cikin jini. Saboda haka ne ake haɗa shi da wani magani mai jimawa wanda zai ƙarasa sauran ƙwayoyin. Wannan haɗi shi ne ma'aikatan lafiya ke kira ACT, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma gare shi tun 2001, Nijeriya kuma ta ajiye kulorokwin ta rungume shi a tsakiyar shekarun 2000. Wanda aka fi bayarwa ana shan sa sau 6 ne cikin kwana 3, gwargwadon nauyin mara lafiya, kuma ya fi shiga jiki idan an sha shi da nono ko abinci mai maiƙo. Idan zazzaɓin ya yi tsanani har yaro ya fara jijjiga ko ya fita hayyacinsa, allurar atesunet ake yi masa a asibiti, ita ma daga wannan ganye ta fito.

To, a nan ne wasu ke cewa tunda asalin maganin ganye ne, me zai hana a jiƙa tazargade a sha a huta da kuɗin mota? Amsa ita ce, tazargade iri-iri ce, kuma ko a cikin irin da Sinawa suka yi aiki da shi, yawan sinadarin yana bambanta daga gona zuwa gona. Mai jiƙo ba shi da hanyar sanin abin da ya bai wa ɗansa. Zafin jiki na iya sauka na kwana biyu alhali cutar na nan, kuma ƙwayar da ta sha magani kaɗan ba ta mutu ba ita ce ke koyon jure masa. An riga an ga irin wannan bijirewa a Kambodiya wajen 2008, daga baya kuma a Ruwanda da Yuganda. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan amfani da shayi ko garin ganyen wajen maganin zazzaɓin. Mu da muka ga yadda kulorokwin ya mutu a hannunmu, bai kamata a sake yi mana wannan karatu ba.

Haka nan, ba duk abin da ke ɗauke da rubutun Sinanci ne ya bi wannan hanya ta gwaji ba. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a ƙasar Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka saka wa wata saiwa ta ƙasar Sin bisa kuskure. Kasuwa kamar ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis tana tara fatake daga Nijeriya da Nijar, kaya na shigo mata daga kowace kusurwa, har da shayi da ƙwayoyi masu alƙawarin warkar da ciwon suga, hawan jini da basir a lokaci guda. Mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya kuma sani cewa lambar da ake bai wa yawancin magungunan ganye izinin sayarwa ce bayan gwajin guba, ba shaidar cewa suna warkar da abin da aka rubuta ba.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an sashen lafiya na ƙananan hukumomin nan huɗu da su isar da wannan bayani a wuraren taruwar jama'a kafin ruwa ya zauna. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji a ranar, domin sakamakon ba ya wuce minti 20. Wanda kuma ya riga ya sha jiƙo ko wani maganin kasuwa, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya, ya tafi da kwalin ko ragowar ganyen a hannunsa.