Tunjere a Ƙwaƙwalwa: Allura ko Ƙwaya?

Mutanen ƙauyen Sunke da ke Anka sun san darajar maganin da ake haɗiya. A 2010, da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙwayar succimer ce likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka riƙa bai wa yaran da suka tsira, domin ba kowane gari ke da gadon asibiti da ƙarin ruwa ba. Wannan tunani nake yi duk sanda aka tayar da zancen tunjere da ya hau ƙwaƙwalwa.

Ƙwayar cutar, Treponema pallidum, takan lallaɓa cikin jijiyoyi tun da wuri ko bayan shekaru. Sai ka ga magidanci ya soma mantuwa, halinsa ya sauya, ganinsa ko jinsa ya ragu, wani ma ya shanye ɓarin jiki yana matashi. A gida sai a ce iskoki ne ko sammu. Tun 1913 Hideyo Noguchi ya gano ƙwayar cikin ƙwaƙwalwar irin waɗannan majinyata.

Maganin da aka amince da shi ba ƙwaya ba ne. Penisilin ne ta jijiya, duk bayan awa huɗu, dare da rana, kwana 10 zuwa 14, ko allurar ceftriaxone kullum na tsawon wannan lokaci. Ga mai zama a Gusau ko kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, abu ne mai yiwuwa. Ga manomin da sai ya ratsa daji a kan babur, hanyar kuma ba lafiya, mako biyu a asibiti dukiya ce.

Sai dai ƙa'idojin likitocin Ingila sun ba da zaɓin maganin haɗiya: doxycycline miligiram 200 sau biyu a rana har kwana 28, ko amoxicillin tare da probenecid. Doxycycline na isa ruwan ƙwaƙwalwa, amma majinyatan da aka gwada shi a kansu kaɗan ne, kuma ba a ba mace mai juna biyu. Azithromycin kuwa, cutar ta riga ta gagare shi a ƙasashe da dama.

Abin da ke damuna shi ne kemis. Ƙwaya huɗu ta "ciwon sanyi" takan kwantar da gyambon waje, cutar na can tana aikinta a ɓoye. Sai an gwada jini, an ɗebi ruwan ƙashin baya, kafin likita ya san wane magani ya dace, sannan a gwada matar gida ita ma.