Zanen Yara da Tsoron Kuskure: Abin da Yabo Yake Gyarawa da Abin da Yake Ɓatawa

A cikin shekaru 20 da suka wuce, wata sabuwar al'ada ta bazu a makarantun firamare na Amurka da Ingila, har ta shiga darasin zane. Ana horar da malamai su rage ce wa yaro "kai gwani ne", su riƙa yaba masa a kan abin da ya yi da hannunsa: launin da ya haɗa, layin da ya gyara, dabarar da ya gwada ko da ba ta fito da kyau ba. Ana so yaro ya yarda cewa zane abu ne da ake koya, kuma ɓata takarda ba abin kunya ba ne.

Tushen wannan tunani yana wajen Farfesa Carol Dweck ta Jami'ar Stanford, wadda littafinta Mindset na 2006 ya kai maganar ga malamai da iyaye. Tun a 1998, ita da Claudia Mueller sun gwada 'yan aji biyar da wasu tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. An yaba wa wasu da kaifin basira, wasu kuma da ƙoƙarin da suka yi. Waɗanda aka kira masu basira suka fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, kuma da suka gamu da mai wuya sai gwiwarsu ta yi sanyi. Yaron da aka ɗora masa sunan gwani yana da abin da zai rasa, shi ya sa yake kare sunan.

A fagen zane abin ya fi fitowa fili. A 2007 Andrei Cimpian da abokan aikinsa, ciki har da Dweck, sun yi gwaji da 'yan shekara 4. An gaya wa wasu cewa su ƙwararrun masu zane ne, wasu kuma aka ce sun yi zanen da kyau. Bambancin kalmomin kaɗan ne, amma da aka kawo labarin kuskure a zane, 'yan rukunin farko suka fi karaya, suka fi son barin aikin. A 2014 kuma Eddie Brummelman na ƙasar Holan ya fitar da wani bincike a kan yara 'yan shekara 8 zuwa 12 da aka sa suka kwaikwayi wani zanen furanni na Van Gogh. Aka ba su takardar yabo da aka ce daga wani ƙwararren mai zane ta fito. Yaran da dama ba su yarda da kansu ba, da aka zuzuta yabon fiye da kima, sai suka koma zaɓar zane mai sauƙi. Wannan sakamako yana da ciwo, domin irin waɗannan yara su ne manya suka fi cika wa yabo saboda tausayi.

Masana ilimin zane, tun daga Viktor Lowenfeld a 1947, sun lura cewa wajen shekara 9 zuwa 11 yaro yakan fara son zanensa ya yi kama da abin da ido yake gani. Idan doki ya fito kamar kare, sai ya ce shi bai iya ba, ya ajiye fensir. Da yawa ba sa sake ɗauka.

Akwai misalin da ya nuna yadda ake tsallake wannan gaɓa. Malami Ron Berger ya yaɗa labarin wani ɗan aji ɗaya a garin Boise na jihar Idaho, wanda aka ba shi hoton malam-buɗe-littafi ya zana. Zanen farko irin na kowane yaro ne, fukafukai zagayayyu. 'Yan ajinsu suka zauna da shi, ba su ce ya yi kyau ko ya yi muni ba, suka nuna masa cewa saman fiffiken a hoton ya fi miƙewa, siffarsa ta fi kusa da mai kusurwa uku. Ya sake zanawa. Suka kuma nuna masa wani wurin, ya kuma gyarawa, daga siffa aka koma kan zanen jikin fiffiken da launi. A karo na 6 sai ga malam-buɗe-littafin da babba ma zai yi alfahari da shi. Dokar ajin ita ce gyara ya zama cikin ladabi, ya taɓa takamaiman wuri, kuma ya zama mai amfani.

Sai dai ba ko'ina aka ga biyan buƙata ba. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike masu yawa ya gano cewa tasirin koyar da wannan tunani a kan sakamakon karatu ƙarami ne. Babban gwajin da aka buga a mujallar Nature a 2019, da ɗalibai sama da 12,000 a Amurka, ya sami ɗan ƙarin maki ga masu rauni a karatu, musamman inda abokan karatu suke mutunta ƙoƙari. A Ingila, a shekarar dai, gwajin da aka yi a makarantu kusan 100 bai nuna wani ƙarin ci gaba ba. Ita kanta Dweck ta koka da malaman da suka mayar da abin zancen baki, suna yabon ƙoƙari ko da yaro bai koyi komai ba.

A nan ne ake rarrabe tsaki da tsakuwa. Manna takarda a bango cewa kuskure alheri ne ba ya cire tsoro idan malami yana ba da maki a kan zane guda, a rana guda, gwargwadon kamarsa da wanda ke kan allo. Abin da ya taimaki yaron Boise shi ne tsarin ajin: an ba shi damar sakewa, an kuma koya wa abokansa yadda ake gyara.

Wannan tsari yana da tsada. Yana cin takarda, yana cin lokaci, yana buƙatar malamin da zai iya tsayawa a kan kowane yaro. A makarantun gwamnati na Najeriya, inda darasin al'adu da fasaha yake cikin manhajar firamare amma aji ɗaya yakan cika maƙil, wannan babban ƙalubale ne. Abin da ke hannun malami ko da babu kuɗi shi ne ya bar yara su sake zane ɗaya a makonni uku maimakon sabon zane kowane mako, su riƙa duba aikin juna biyu-biyu, shi kuma ya ba da makin a kan tazarar da ke tsakanin zanen farko da na ƙarshe.