Waya ba ta son ihu

Mutumin Dantchiao da ya gangara kudu, wajen iyakar jihar Jigawa, ba ya mamaki in ya ga sunan kamfanin Nijeriya ya bayyana a fuskar salularsa. Igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen duwan. Antan ɗin MTN ko Glo na leƙowa ƙasar Magaria da Dungass, na Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Télécoms su ma suna leƙawa can. Da rezo ya yi rauni sai ka ji ana cewa, “Su ƙara wa antan ƙarfi mana!” Sau da yawa wannan ƙarin shi ne ciwon.

Mitocin da aka ware wa salula kaɗan ne, dole a riƙa maimaita su. Mitar da wani antan ke aiki da ita, akwai wani can nesa da ke kanta. Muddin kowanne ya tsaya iya yankinsa, lafiya lau. In ɗaya ya ɗaga murya fiye da kima, saƙonsa ya kai gidan ɗan'uwansa, sai magana ta riƙa yankewa alhali sandunan rezo a cike suke. Kamar ranar kasuwa ce: kowa ya ɗaga murya don a ji shi, ƙarshe ba mai jin kowa.

Shi ya sa wayar da ke aljihunka kullum cikin ciniki take da antan. A tsarin GSM, iyakar ƙarfinta wat 2 ne a kan mitar 900 MHz, wat 1 a kan 1800 MHz, amma in tana kusa ba ta kai nan. Kusan duk rabin daƙiƙa tana aika rahoton yadda take ji, antan kuma ya ce mata rage ko ƙara. A 3G abin ya fi tsanani, sau 1,500 a daƙiƙa guda, domin wayoyi da yawa na magana kan mita ɗaya lokaci ɗaya. Wadda ke gindin antan, in an ƙyale ta, sai ta danne ta manomin da ke kira daga gonarsa ta gero. Ko a fili fetal, in nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ke isa kashi ɗaya cikin huɗu ne. Katangar laka da rufin kwano su ci nasu rabon.

Daga nan za ka gane abin da ke sa caji saurin ƙarewa a ƙauyen da rezo ke da wuya. Wayar tana ta ƙwala kira da iyakar ƙarfinta, har bayanta ya yi ɗumi. Mai ita ya yi ta zargin batir, ya sayi sabo, a banza.

A bakin iyaka maganar ta hukumomi ce: ARCEP a Yamai, NCC a Abuja, ƙarƙashin ƙa'idojin ITU da ke Janeba. Abin da injiniyoyi ke yi a irin wannan wuri sananne ne, a raba mitoci, a rage ƙarfi, a ɗan sunkuyar da kan antan ƙasa don kada ya hango nesa.

Wanda ba na yi wa uzuri shi ne mai sayo na'urar ƙara rezo daga kasuwa ya kafa bisa soro ba izini. Shi ya samu, maƙwabta kuma hayaniya, don na'urar har ƙarar banza take kumburawa ta mayar wa antan. Haka masu sayar da wifi: a mitar 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Shaguna biyu da ke jere, gara kowa ya ɗauki tasharsa, ya sassauta ƙarfi zuwa iya rumfarsa. Ko ya ƙure na'urar, wayar mai saye da ke nesa ba ta da muryar maido amsa.